Kango, Tsagiya da Ƙwarya: Yadda Rufewar Dajin Rugu Ke Cin Kayan Kiɗa a Ƙasar Zakka

Duk abin da ake kaɗawa ko busawa, ba ya ba da amo sai wani sashe na jikinsa ya yi karkarwa. Ko fata, ko tsirkiya, ko iskar da ke cikin bututu, ko kuma jikin abin shi kansa. Karkarwar ce ke tura iskar da ke kewaye, iskar ta isar wa kunne. Yawan karkarwa a cikin sakan ɗaya shi ke yanke kaifin amo ko kaurinsa, kuma ana ƙirga shi da ma'aunin da ake kira haz: haz 100 na nufin karkarwa ɗari a sakan guda. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000.

A kan wannan tambaya, wato mene ne ke karkarwa, Erich von Hornbostel da Curt Sachs suka gina rabe-raben da suka wallafa a Jamus a 1914, wanda har yau gidajen adana kayan tarihi ke aiki da shi. Sun kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu: masu fata, masu tsirkiya, na busa, da waɗanda jikinsu ne ke amo. A 1940 Sachs ya ƙara gida na biyar, na masu aiki da lantarki. Ƙasar Hausa tana da nata a kowane gida. Littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa ya tattara da yawa daga ciki, kuma shi King a fadar Katsina ya yi bincikensa, kan ganguna da kakaki.

Wannan rabe-rabe yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Da zarar an san abin da ke karkarwa, an san kayan da sai an samo kafin a haɗa abin kiɗan, an kuma san inda ake samo su. A ƙasar Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana ta jihar Katsina, da maƙwabciyarta Batsari, hanyoyin ba su da yawa: dajin Rugu, garken dabbobi, kasuwar mako, da dandalin da jama'a ke taruwa. Su ne kuma ainihin wuraren da 'yan bindiga suka fi yi wa illa a shekaru goman da suka wuce. Saboda haka gidajen nan huɗu suna rauni tare, ko da yake kowanne da saurinsa, gida na biyar kuma yana rufe raunin ta yadda kunne ba zai ankara da wuri ba.

Gidan masu fata shi ne mafi yawa a wajenmu: ganga, kalangu, kotso, taushi, jauje, dundufa, tambari. A ɗauki kalangu. Kangonsa guntun itace ne guda da masassaƙi ya raraƙe, ya matse masa ƙugu, ya bar baki biyu a buɗe. An rufe kowane baki da fata, an haɗa fatun biyu da tsirkiyoyi masu yawa da suka bi tsawon kangon. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya sa shi a hammata. In ya matse da damtse, tsirkiyoyin su ja fatun, fata ta ɗame, karkarwarta ta ƙaru, amo ya yi sama. In ya sassauta, amo ya sauko. Lissafin kimiyya ya nuna cewa kafin yawan karkarwar fata ya ninka biyu, sai ɗamewarta ta ninka huɗu. Wanda ya tsaya kusa da makaɗin kalangu zai ga haka da idonsa: jijiyoyin damtsen hagu a tashe, kafaɗa tana hawa tana sauka, alhali hannun da ke riƙe da lanƙwasasshen sandan kiɗa yana aikinsa a sake.

Muhimmancin wannan ya wuce daɗin kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma kalangu yana iya bin su, har da zamewar da ke tsakaninsu. Da haka yake faɗar take da kirari, mai taken ya ji ya gane da shi ake, ba tare da an buɗe baki ba. A kan wannan ƙwarewa Mamman Shata, ɗan Musawa, ya ɗora waƙarsa har ya rasu a 1999.

Kotso da taushi suna da wata dabara. Duk abin da ke karkarwa yana fitar da uwar amo tare da ƙananan amo da ke saman ta, waɗanda za a iya kira 'ya'yan amo. A tsirkiya, 'ya'yan suna bin lissafi mai tsari, ninki 2, 3, 4 na uwar, shi ya sa kunne ke jin murya ɗaya tsayayya. A shimfiɗaɗɗiyar fata kuwa suna faɗawa wajen ninki 1.59, 2.14 da 2.30, sai amon ya fito a cakuɗe. A 1920 masanin kimiyyar nan na Indiya, C. V. Raman, ya nuna cewa ƙullin da makaɗan ƙasarsu ke mannawa a tsakiyar fatar gangunansu yana jawo 'ya'yan amon su koma kusa da tsari. Naken da makaɗan kotso da na taushi ke shafawa a tsakiyar fata dangin wannan dabara ne: yana ƙara wa tsakiyar nauyi, ya sauko da amo, ya tace shi. Amon da ake ji a bayan muryar Musa Ɗanƙwairo ko ta Sarkin Taushin Katsina, da hannun mai haɗa nake a cikinsa.

Yanzu a dubi kayan haɗi. Kango yana buƙatar gindin itace mai kauri, wanda zai bushe bai tsage ba, irin su alilliba da ƙirya da maɗaci. Ba masu ganga kaɗai ke neman su ba. Ƙirya ita ce zaɓin masu turmi da masu gawayi, maɗaci kuma na masu katako. Matsin da ke kan irin waɗannan itatuwa ya kai har yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da namun daji daga cinikin da zai ƙarar da su, wato CITES, ta sa maɗobiya cikin jerin da ake sa wa ido tun farkon 2017, ta kuma sa maɗaci da danginsa na Afirka a taronta na 2022. Mai sassaƙa a gefen Rugu ya shiga tsaka mai wuya. Itatuwan da ke kusa da gari, inda ake iya zuwa a dawo lafiya, su gatarin masu itacen wuta da gawayi ke fara ci, tun da kowa ya taru a ɗan wurin da ya rage. Manyan da ke can ciki kuwa, shiga neman su kasada ce da rai.

Fata ma da tata hanyar. Fatar ganga ba jemammiya ba ce. Ɗanya ake samu daga hannun mahauci, a cire gashi, a jiƙa, a ɗaura tana da laushi, ta bushe a kan kango. Tambari yana son fatar sa mai kauri, kalangu yana son siririya ta akuya. Tun asali kalangu kiɗan mahauta ne, wanda ke nufin mutum ɗaya ne ke ba makaɗi fata, shi ne kuma ke ba shi kyauta ranar kasuwa. Dokar da Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agusta na 2021 ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya, ta kuma hana motoci ɗauko itace daga daji. Dokar tana da dalilinta na tsaro, don a toshe wa ɓarayin shanu kasuwa. Amma ga makaɗin kalangu, ta rufe masa mai ba shi kaya da mai biyan sa a rana ɗaya.

A nan akwai wani jinkiri da ya kamata a fahimta, domin shi ne ke ɓoye girman matsalar. Fata tana fashewa a sake ta, tsirkiya tana tsinkewa a ɗaura wata, amma kango mai kyau yakan yi shekaru da yawa, har a gada. In makaɗa suka ragu, tsofaffin kanguna sun ishi waɗanda suka rage, babu mai zuwa wajen masassaƙi da sabon aiki. Masassaƙin sai ya koma turmi da kujera da ƙotar fartanya, yaronsa kuma ya tashi bai taɓa ganin yadda ake raraƙe ƙugun kalangu ba. Ana iya yin shekara ashirin ana jin ganga a gari bayan sana'ar yin ta ta riga ta yanke. Ranar da tsohon kango ya tsage ne za a gane.

Gidan masu tsirkiya ya kasu biyu: waɗanda ake taɓawa da yatsa ko tsinke, kamar garaya da gurmi da molo da kuntigi, da waɗanda ake gogawa, wato goge da kukuma. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da faɗin da za ta tura iska mai yawa, don haka amonta ƙarami ne. Sai an ɗora ta a kan ɗan itacen da ake kira jaki, shi kuma ya zauna a kan fatar da ta rufe kumbo, sannan karkarwar ta sauka kan fata, fata da iskar cikin kumbo su ɗaga ta. Kaifin amon ya dogara da abu uku: tsawon tsirkiya, ɗamewarta, da nauyinta. In yatsa ya rage tsawon da ke karkarwa zuwa rabi, yawan karkarwa ya ninka biyu.

A goge, tsirkiyar dunƙule ce ta tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, izgar da ake gogawa ma haka. Kafin mai goge ya fara, sai ya shafa wa izgar ƙaro har ta yi kaushi. In ya ja, ƙaron ya kama tsirkiyar ya tafi da ita kaɗan, ta kuɓuce ta dawo, ya sake kama ta, sau ɗaruruwa a sakan ɗaya. Wannan kamawa da kuɓucewa Hermann von Helmholtz ya bayyana a littafinsa na 1863, kuma ita ce ke sa muryar goge ta miƙe ba yankewa, ta yi kama da ta mutum. Fatar da ke kan kumbo ta guza ce ko ta damo, saboda siririya ce mai ƙarfi.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa ƙalubale. Dangin guza da damo gaba ɗaya suna cikin jerin CITES tun 1975, kuma a karkara maharbi ne ke kawo su daga fadamu da gefen rafuka. Doki ya riga ya ragu a ƙauyuka tun da babur ya karɓe aikinsa, ya fi yawa yanzu a gidajen sarauta. Gaskiya ne cewa sauya kayan haɗi ba sabon abu ba ne. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, kuma tsirkiyar roba ko ta waya tana aiki a kayan da ake taɓawa. Amma a goge, zare guda na roba ba ya ba da kaushin muryar da dunƙulen tsagiya ke bayarwa, domin gasu masu yawa ba sa karkarwa daidai da juna, wannan ɗan saɓanin shi ne muryar. Ga kuma tsohon nauyi da goge da garaya ke ɗauke da shi na dangantaka da bori, wanda tun kafin rashin tsaro ya sa iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu su koya. Babbar garayar maharba kuwa, rayuwarta tana tare da fita farauta lokacin rani, kuma dajin da ake fita ɗin shi ne aka rasa. A ganina wannan gida ne ya fi kusa da yankewa a yankin.

A gidan busa, iskar cikin bututu ce ke karkarwa, bambancin yana wajen abin da ke tayar da ita. A sarewa, numfashi ne ke bugun gefen baki ya rabu biyu. A algaita, wasu siraran harsuna biyu na ciyawa ne ke buɗewa suna rufewa, mai busa kuma ya cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci, don kada amo ya yanke. A kakaki da farai da ƙaho, leɓɓan mai busa ne ke karkarwa. Tsawon bututu shi ke yanke kaurin amo, ramukan yatsu kuma suna rage tsawon ne kawai. Har yanayin gari yana da tasiri: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan idan zafi yana digiri 20, ya kai wajen 355 a digiri 40, don haka sarewa ɗaya ta fi kaifi da tsakar ranar bazara a kan safiyar hunturu.

Kakaki da algaita suna da inuwar fada. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, kuma muddin ana hawan salla a Katsina za a nemi mai busa shi. Sarewa ba ta da wannan gata. Ita ce mafi arha a gidan, da kara ake yin ta, yanzu ma har da bututun roba, amma makarantarta ita ce kiwo: yaro da shanu a fili, yini guda babu gaggawa. Makiyayin da aka kore wa garke, ko ya ƙaura, ko yake tsoron a ji motsinsa a daji, ba shi da wannan yinin.

Gida na huɗu ya fi sauran juriya ta fuskar kayan haɗi. Ƙwarya da shantu da caki daga duma suke, shi kuwa duma damina ɗaya ya ishe shi. A kiɗan ruwa, ana kifa ƙaramar ƙwarya a kan ruwan da ke cikin babba, iskar da ta maƙale a ƙarƙashinta ta ba da amo mai kauri, kuma rage iskar ko ƙara ta yana sauya amon. Da ƙwarya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta kai kiɗan amada ko'ina. Sai dai roba da silba sun karɓe aikin ƙwarya a ɗakin girki, wanda ya rage dalilin shuka duma. Kuge da sambani kuma aikin maƙeri ne, wutarsa kuwa gawayin ƙirya take so.

Duk wannan bayanin kayan haɗi ne. Ɓangaren masu neman kiɗan ya fi muni. A ƙidayar 2006, Safana tana da mutum sama da 180,000, Batsari sama da 200,000, galibi manoma da makiyaya a ƙauyuka, kuma a irin wannan zama kiɗa yana bin aiki ne: gangar noma a gayya, dundufa a maƙera, kalangu a kasuwa da filin dambe, kalankuwa bayan kaka, ƙwarya a biki da suna. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a hare-haren da suka haɗa da Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. Jama'a da yawa sun bar gidajensu zuwa cikin garin Batsari, Dutsinma, Katsina, wasu har Maraɗi. Ƙauyen da ya watse ba ya gayya, gonar da ke nesa da gari ba a tara mata mutum hamsin da makaɗi.

Har siffar amon ganga ta juya wa ganga baya. Iska ba ta shanye amo mai kauri kamar yadda take shanye mai kaifi, don haka yana tafiya nesa. Da dare kuma, idan iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yana lanƙwasowa ƙasa, ya ƙara nisa. Wannan ne ya sa ganga ta zama abin kiran taro daga wani gari zuwa wani. Magidancin da ke aurar da 'yarsa a gefen daji, yana tsoron a san akwai taro da kayan ɗaki a gidansa, yana da kyakkyawan dalilin ƙin gayyatar ta.

Cikin wannan giɓi gida na biyar ya shiga. Tun shekarun 1990 ɗakunan haɗa waƙa na Kano suka ɗauki fiyano, galibi ƙirar Yamaha, daga baya kwamfuta. Hanyar aikin ita ce a ɗauki bugu ɗaya na ganga a adana, a riƙa maimaita shi da taɓa maɓalli, abin da ke karkarwa kuma ya zama 'yar takardar da ke cikin sifika. Ba laifi ba ne, kuma matasa da yawa suna cin abinci da shi. Ta fuskar kuɗi ma babu gasa: mutum ɗaya da katin waƙoƙi da batirin sola yana yin aikin da a da sai ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi, kuma yana iya kashewa ya tattara cikin minti biyar in an ji motsi.

Illar tana wuri biyu. Ta farko, an raba muryoyin fiyano zuwa matakai 12 masu tazara ɗaya, kowanne ya ɗara na ƙasansa da kusan kashi 6 cikin ɗari, alhali maganar kalangu da kukan goge a tsakanin matakan nan suke zamewa. Na'ura tana da hanyar kwaikwayon zamewar, amma sai mai sarrafa ta ya san take kafin ya kwaikwaya, kuma sanin take a dandali ake samun sa. Ta biyu, sifika ba ta fasa fata, ba ta tsinka tsagiya. Ba ta aika kowa wajen mahauci ko maharbi ko masassaƙi. Mai sauraro yana jin abin da ya yi kama da kalangu a kowane biki, ya ɗauka kalangu yana nan lafiya, alhali babu sisin kwabo da ya koma hannun masu yin sa.

Sulhun da aka ƙulla a wasu ƙananan hukumomin yankin a 2025 ya ba da damar komawa wasu kasuwanni da gonaki. In ya ɗore, fata za ta dawo cikin mako, duma cikin damina. Itacen kango kuwa, wanda aka dasa bana ba zai yi kaurin da za a raraƙe shi ba sai bayan gomman shekaru. Ilimin da ke hannu ya fi su duka haɗari, domin shi ba ya tsiro da kansa: lokacin da ake sare itace, tsawon shanya shi, kaurin da ake bar wa bangon kango, wurin da ake yanka fata, adadin tsagiyar da ake dunƙulawa, yadda ake haɗa nake. Faya-fayen Shata da Ɗanƙwairo sun cika wayoyi da gidajen rediyo, amma amon kawai suka adana, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ma'aunai a cikinsu.

Yankin ba ya rasa masu iya wannan aiki. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Nazarin da aka saba yi ya fi karkata ga mawaƙi da baitocinsa. Abin da ake buƙata yanzu shi ne ɗalibi ya zauna da mai yin kayan, da tef na awo da sikeli da kyamara, daga saran itace har bugun farko, a kuma biya shi kuɗin aikin don ya yi sabon kango a gaban yaronsa. Masu rabon dashen itatuwa su sa alilliba da ƙirya da maɗaci cikin abin da suke rabawa, kada ya tsaya a darbejiya. Duk masassaƙin da hijira ta kai Batsari ko Dutsinma ko Katsina, ba sai an shiga daji za a same shi ba, kuma da shi ya kamata a fara tun yana da ƙarfin riƙe gizago.